Ba da labari da bakin "ni": ina iyakarsa take?

Alƙalamin_Dala:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Littattafai da yawa da ake sakawa yanzu a WhatsApp da Wattpad da bakin tauraruwa ake ba da su: "na tashi, na shiga, na ce masa". Ana cewa ya fi shiga rai, ban kuma musa ba. Amma ra'ayina shi ne salon nan yana da katanga, kuma labarai da dama da suke sukurkucewa a tsakiya da ita suke yin karo. Ga misali mu yi aiki da shi. Mace ce a gidan aure da kishiya, mijin ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma makircin da zai juya labarin gaba ɗaya a shago ake ƙulla shi, tsakanin mijin da ƙanensa. Idan matar ce mai cewa "ni", ta yaya mai karatu zai ga abin da ya faru a shagon? Ina iyakar salon, kuma yaushe ya kamata a haƙura da shi?

Malam_NaZaure:
Wa'alaikumus salam. Mai cewa "ni" ba ya iya faɗar komai sai abin da ya gani, ko ya ji, ko aka gaya masa. Wannan ita ce ƙa'idar, sauran matsalolin duk daga ita suke fitowa. A labarin da aka gina a gidan Bahaushe kuma abin ya fi tsanani, domin gidan kansa a rabe yake. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Matar da ke kulle ba ta zama majalisa, ba ta zuwa shago, ba ta halartar ɗaurin aure, ba ta raka gawa maƙabarta. To ka duba inda ake yanke manyan shawarwari a labaran aure: a zaure ake neman aure, a can ake tsayar da sadaki, a can ake sulhu tsakanin waliyyai. Idan tauraruwarka ce mai magana, duk waɗannan sai dai ta ji su a bakin wani. Haka idan namiji ne mai maganar, ka rasa madafa, ka rasa ɗakin amarya ranar kamu, ka rasa hirar da ake yi wajen kitso. Kafin ka rubuta jimlar farko, jera manyan fitowa goma na labarinka, ka rubuta inda kowacce za ta faru. Idan huɗu ko biyar daga ciki a wurin da mai labarin ba zai iya shiga ba ne, ko dai ka canja mai labarin ko ka canja salon.

Gwaggon_Labari:
Shi ya sa laɓe ya yi yawa a littattafan nan. Ta zo wucewa ta bakin taga sai ta ji. Ta dawo ɗaukar mayafinta sai ta ji. An manta ba a kashe waya ba sai ta ji. Sau ɗaya mai karatu zai yarda, sau biyu ya kawar da kai, a na uku ya gane marubuciya ce ta rasa hanya. Kuma akwai illar da ba a lura da ita: tauraruwar da aka ce mai kamun kai ce ta koma mai laɓe a bakin ƙofar mutane, halinta ya canja ba da niyyar mai rubutu ba.

Ummu_Biro:
Gaskiya ne Gwaggo. Ga kuma suma. Da zarar an kai inda ya fi zafi sai ta ce "daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba", sai ta farka a gadon asibiti wani ya ba ta labari a sakin layi ɗaya. Fitowar da mai karatu ya yi babi ashirin yana jira an ba shi ita a taƙaice.

Ɗan_Damagaram:
Ni ban yarda cewa katangar aibi ce ba. Ƙarfin salon ke nan. Malam Alƙalami, a misalinka ba dole ne mu ga shagon ba. Bari matar ta ga alamunsa kawai: kuɗin cefane ya ragu, ƙanen mijin da ba ya wuce gaisuwa ya fara zama har bayan isha'i, mijin ya fara fita waje idan zai amsa waya. Mai karatu zai haɗa lissafin kafin ita ta haɗa, kuma wannan tazarar da ke tsakanin abin da ta sani da abin da shi ya gane ita ce ke riƙe shi. Ga yadda yake aiki da bakin yarinya 'yar shekara bakwai:

"Na tarar da Inna a bakin murhu idonta jawur. Ta ce hayaƙi ne. Na ce me za mu ci, ta ce yau ba a ɗora tukunya ba tukuna."

Yarinyar ba ta san kuka aka yi ba, kai ka sani. Da marubuci ne ya fito ya ce "Inna ta sha kuka saboda babu abinci", da rabin nauyin ya zube.

Malam_NaZaure:
Misalin ya yi kyau Ɗan_Damagaram, amma lura da sharaɗinsa. Yana aiki ne idan abin da aka ɓoye ƙarami ne, ko kuma mai karatu zai iya cike shi da kansa. Makirci mai sassa da yawa, da takardun fili, da sa hannun ƙarya, da shaidu, ba a cike shi da alamu. Dole wata rana wani ya zauna ya warware mata, kuma wannan zaman ne yake zama babi guda na jawabi tsantsa, babu motsi.

Mai_Tace_Rubutu:
Bari in kawo abin da ya fi yawan fitowa wajen gyaran rubutu, wato zamewa. Marubuci yana cikin "ni" sai ka ga jimla irin wannan: "Ya kalle ni yana tunanin yadda zai gaya min ya ƙara aure." Daga ina ta san tunaninsa? An tsallaka cikin kansa ba a sani ba. Gyaran shi ne a mayar da shi abin da ido ke gani: "Ya kalle ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce in ƙaro masa ruwa." Wata zamewar ita ce ta fuska: "Fuskata ta yi ja, idanuna suka ƙanƙance." Mutum ba ya ganin fuskarsa. Abin da yake ji zai faɗa, zafi a kunne, bushewar maƙogwaro, rawar hannu.

Hanyar kamo su mai sauƙi ce. Bayan an gama rubutu a buɗe wurin bincike a waya ko kwamfuta, a nemi "a ransa", "a ranta", "yana tunanin", "ta ƙudurta", "bai san cewa". Duk inda suka fito a kan wani wanda ba mai labarin ba, a tsaya a tambaya: wa ya gaya mata? Idan babu amsa, a goge ko a juya shi.

Hajiyar_Zazzau:
Ba a taɓo kunya ba, kuma a wurina ita ce babbar iyaka a Hausa. Matar da aka taso da tarbiyyar gidan gargajiya ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Idan ita ce mai ba da labari, sai a zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko ta riƙe kunyar, ta yi ta cewa "maigidan", "shi", "yaron nan" har ƙarshen littafi, wanda yake rikita mai karatu idan maza uku suna cikin ɗaki ɗaya. Ko kuma ta saki baki ta faɗi komai, har abin da ya faru a turaka, sai mai karatu ya ce wannan ba ita ce matar da aka siffanta mana ba. Da bakin marubuci babu wannan matsalar, shi zai kira kowa da sunansa, ita kuma ta ci gaba da kunyarta a cikin maganganunta.

Ga kuma yabon kai. An ce yabon kai jahilci, amma sai ka ga tauraruwa ta tsaya gaban madubi tana lissafa mana dogon hancinta da gashinta har gadon baya. Ba wanda yake kallon kansa haka. Idan ana son a san kyakkyawa ce, a bar mai kitso ta faɗa, ko kishiya ta faɗa cikin gatse, ko a nuna yadda hira take tsayawa idan ta shigo.

Ummu_Biro:
Hajiya, akwai kuma masu karatu da ba sa raba "ni" ta labari da marubuciya. A rubuta labarin mace da ta yi kuskure da bakin "ni", sai a fara tambaya a ƙarƙashin shafi ko rayuwarta ce take bayarwa. Wannan kaɗai yana sa wasu su tsabtace tauraruwar har ta zama ba ta da laifi ko ɗaya, duk laifin na kishiya ne da uwar miji.

Gwaggon_Labari:
To ai kishiyar ma salon ne ya zalunce ta. Ta bakin abokiyar gaba kaɗai muke ganinta. Ba mu ganinta ita kaɗai a ɗaki, ba mu san me ta baro a gidansu ba. Idan ana son ta zama mutum, a ba ta aƙalla fitowa biyu da take yin abin kirki a gaban mai labarin, ko da mai labarin za ta fassara shi da mugunta. Ta yi jinyar ɗanta da dare, ita kuma ta ce neman suna ne. Mai karatu zai yi nasa hukuncin.

Ɗalibin_Adabi:
Amma ai magabata da salon nan suka fara. Ruwan Bagaja daga farko har ƙarshe Alhaji Imam ne yake cewa "ni", kuma ba wanda ya ce ya gaza.

Malam_NaZaure:
Da ɗan gyara Ɗalibi. Ba da "ni" littafin ya buɗe ba. An fara ne da labarin Koje Sarkin Labari da bakin marubuci, har ya isa Kwantagora ya haɗu da Alhaji Imam, sannan Alhajin ya karɓi magana. Wato an ba mu mai saurare, da wuri, da dalilin ba da labarin. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma haka yake: malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su. Duka biyun daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 suka fito, aka buga su a 1934. Kuma lura da irin labaran. Ruwan Bagaja labarin tafiya ne, tauraro ɗaya yana yawo gari gari, duk abin da ya faru a gabansa ya faru. Irin wannan zubin ya dace da "ni" sosai. Labarin gida mai mutane goma sha biyar da kowa ke ƙulla nasa, wani abu ne daban.

Shaihu Umar kuwa shi ne ya fi nuna iyakar da muke magana. Makircin da fadawa suka yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, ya faru Umar yana ƙaramin yaro, ba a gabansa ba. Tafiyar mahaifiyarsa tana nemansa har Tarabulus ba ya nan aka yi ta. Duk da haka an ba mu su dalla-dalla. Abin da ya ɗauki nauyin shi ne dattijo ne yake magana bayan shekaru masu yawa, mai karatu zai iya ɗauka daga baya ya ji. Amma a waɗannan sassan muryar ta koma kamar ta marubuci mai ganin komai.

Ɗalibin_Adabi:
Na gode Malam. Ke nan tsarin mai saurare shi ne maganin?

Mai_Tace_Rubutu:
Yana magance wani abu, yana kawo wani. Amfaninsa shi ne yana tilasta maka amsa tambayoyi biyu da da yawa ba sa amsawa: yaushe ake ba da labarin, kuma wa ake ba wa? Matar da ke ba 'yarta labari daren da za a kai ta ɗakin miji ba za ta faɗi abin da za ta faɗa wa alƙali ba. Da ka san mai saurare, ka san abin da za a ɓoye da abin da za a bayyana.

Illarsa kuma, mun riga mun san mai labarin ya rayu. Duk haɗarin mota, duk ɗaurin 'yan bindiga, ba ma tsoron zai mutu, ga shi nan zaune yana magana. Sai a mayar da fargabar kan wani abu: wa zai rasa, me zai aikata don ya tsira. Sannan akwai matsalar ɓoye sirri. Idan tana ba da labari bayan shekara ashirin, ta riga ta san wanda ya ci amanarta tun jimlar farko. Ɓoye shi har babin ƙarshe halal ne idan tana bin abubuwa yadda suka zo mata. Abin da ba ya halatta shi ne ta ɓoye abin da ita da kanta ta aikata ko ta sani a lokacin, kamar a ce ita ta ɗauke takardun amma ta yi babi goma tana mamakin wanda ya ɗauka. Mai karatu zai ji an yaudare shi.

BaƙinBiro:
Ina da tambaya a gefe. Wannan da wasu marubutan intanet suke yi, labari na tafiya da "ya" da "ta" sai marubuciya ta faɗo ciki: "ni kuwa na ce ikon Allah", ko "na lallaɓa na bi bayansu don in ɗauko muku rahoto". Shi wane salo ne?

Hajiyar_Zazzau:
Wannan "ni" ɗin ba ta cikin taurari, ba abin da ke samunta, ba wanda ke ganinta. Muryar mai hira ce, kuma tana da asali a wurinmu. Mai tatsuniya da "ya" da "ta" take tafiya, sai a ƙarshe ta fito ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. A labarin raha tana ƙara armashi. A fitowar mutuwa ko saki tana kashe ta nan take, domin ta tuna wa mai karatu cewa wata ce zaune da waya tana bugawa. Kuma da zarar ta ce "aka rufe ƙofa ban samu shiga ba", ta ɗora wa kanta iyakar mai gani da ido, alhali a shafin baya ta gaya mana abin da ke cikin zuciyar mutum uku.

Muryar_Rediyo:
Ku ƙara da kunne, tunda yanzu littattafai da yawa sauraronsu ake yi a YouTube da rediyo. A takarda ido yana tsallake "na", a kunne ba ya tsallakuwa. "Na tashi na wanke fuska na ɗauki buta na fita na dawo." A ɗauki shafi ɗaya a ƙirga jimlolin da suka fara da "na" ko "sai na". Idan sun kai rabi, a sake gini. Maimakon "na ji ana buga ƙofa" a ce "aka buga ƙofa". Maimakon "na ga Baba ya shigo" a ce "Baba ya shigo". Mun riga mun san ita ce ta ji, ita ce ta gani.

Wani abu kuma, "na" da "ni" ba sa nuna jinsi. Mai karanta littafin a rediyo yana iya zama namiji alhali mai labarin mace ce. Idan ba a sa wani ya kira ta da "ke" ko da sunanta a sakin layi na farko ko na biyu ba, mai saurare zai yi minti biyar yana zana namiji a ransa.

Alƙalamin_Dala:
Madalla da wannan. Mu dawo kan shagon. Me za ku ce game da raba labarin tsakanin baki biyu, babi ɗaya matar, babi ɗaya mijin?

Ɗan_Damagaram:
Yana yiwuwa, da sharuɗɗa. Kada su wuce biyu ko uku. A canja baki a farkon babi kawai, da sunan mai magana a sama, ba a tsakiyar fitowa ba. Kada a maimaita fitowa ɗaya daga baki biyu sai idan na biyun zai rushe abin da na farko ya fahimta. Mafi wuya kuma shi ne murya. A cire sunayen da ke saman babi a ba wani ya karanta sakin layi ɗaya. Idan bai gane wa ke magana ba, mutum ɗaya ne aka ba suna biyu. Karin harshe yana taimakawa, ɗaya ya ce "me kake yi" ɗaya ya ce "mi kaka yi", amma bai isa ba. Bambancin gaske yana cikin abin da kowa ke lura da shi. Ɗan Kwari idan ya shiga ɗaki zai san kuɗin atamfar da ke jikin kowa kafin ya kalli fuska. Matar za ta lura da wanda bai taɓa abincinsa ba.

Malam_NaZaure:
Sai dai idan ka ba mijin baki, sirrin ya ƙare, domin shi ya san abin da ya ƙulla. Labarin ya tashi daga "me ake ɓoye mata" ya koma "yaushe za ta gane". Duka biyun labari ne, amma ba iri ɗaya ba ne, sai ka zaɓa da saninka. Ni a irin wannan na fi ganin a yi amfani da "ta" amma a manne da matar, a shiga zuciyarta ita kaɗai, sannan a keɓe babi uku ko huɗu a bi mijin. Ana samun kusancin, ba a kuma ɗaure kai.

Ummu_Biro:
Kusancin ba ɗaya ba ne Malam. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A gajeren labari musamman, irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake rubuta kalma 1,000 zuwa 1,500, babu filin mutane da yawa. Mutum ɗaya, damuwa ɗaya, wuri biyu ko uku. A nan "ni" ba ta da na biyu. A dogon littafi mai babi sittin ne numfashinta yake ƙarewa.

Gwaggon_Labari:
Akwai hanyar da ba a ambata ba. Ba dole ne mai cewa "ni" ya zama tauraro ba. A nemi wanda al'ada ta ba shi izinin shiga ko'ina. Dillaliya tana shiga gida goma a rana. 'Yar talla tana jin hirar majalisa. A misalin Alƙalami, yaron shagon da ake aikowa da cefane: da safe yana shago yana jin mijin da ƙanensa, da azahar yana tsakar gida yana miƙa wa uwargida leda, tana tambayarsa ko lafiya maigidan bai kira ba. Ya san abin da ba ta sani ba, yana cin abincinta, kuma idan ya faɗa ya rasa wurin zama.

Hajiyar_Zazzau:
Ya yi Gwaggo, amma a duba shekarunsa. Yana ɗan sha ɗaya zai shiga har bakin madafa ba mai hana shi. Idan labarin zai ɗauki shekara biyar ko shida, ya balaga, iyakarsa zaure, sai dai ya ba ƙaramin yaro saƙon ya shiga da shi. Rabin abin da aka zaɓe shi dominsa ya rufe.

Ɗan_Damagaram:
To sai a matse labarin cikin shekara ɗaya, daga azumi zuwa azumi. Ko kuma a bar shi ya balaga ɗin, ranar da aka fara tsayar da shi a zaure ta zama babi guda. Malam Alƙalami, makircin shagon wata nawa yake ɗauka kafin ya fashe?